ALHAJI UMARU FUTI, MAI CARBI DA TAKOBI

Duk wanda ya zaga unguwannin Yerwa bayan an sallame sallar magariba ba zai rasa ganin jama'a sun yi da'ira a masallaci ko a zaure ba, sun shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, kowa da carbinsa a hannu, muryoyinsu na tashi tare suna sauka tare. Wannan ita ce wazifar Tijjanawa. Yara da yawa sun buɗe ido sun tarar da ita kamar yadda suka tarar da Kasuwar Litinin, har su kan yi tsammani tun fil'azal haka a ke yi a Barno. Alhali kuwa ba haka ba ne. Cikin mutanen farko da suka ratsa ƙasar nan da wannan wuridi, ba wanda sunansa ya kai na wani baƙo da ya sauka wurin Shehu Laminu a kan hanyarsa ta komowa daga Makka, watau Alhaji Umaru ɗan Sa'idu, wanda mu ke kira Umaru Futi.

An haife shi wajen 1794 a wani ƙauye mai suna Halwar, kusa da Podor, a ƙasar Futa Toro da ke bakin kogin Sanagal. Ubansa, Sa'idu Tal, malami ne mai makarantar allo, uwarsa kuwa sunanta Adama. Asalinsu Toronkawa ne, dangi ɗaya da kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda su ma daga Futa Toro suka taso tun da daɗewa. Ya haddace Alkur'ani yana yaro, sa'an nan ya shiga yawon neman ilmi yadda almajiran wancan zamani su ke yi, yau yana gaban wannan malami, gobe yana gaban wancan.

A cikin wannan yawo ya gamu da wani malamin Futa Jalo, Abdulkarimu, wanda ya ba shi wuridin Tijjaniyya. A lokacin ɗarikar sabuwa ce ful. Wanda ya kafa ta, Shehu Ahmadu Tijjani, an haife shi a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya koma birnin Fas da zama a 1798, ya rasu can a 1815, watau Umaru ya riga ya zama saurayi. Daga Fas wani almajirin Shehu, Muhammadul Hafizu, ya kai ta ƙasar Shingiɗi, Mauludu Fal ya karɓa daga gare shi, Abdulkarimu kuma ya karɓa daga Mauludu. Malamin da almajirin suka ƙulla niyyar zuwa haji tare, amma Abdulkarimu ya kwanta ciwo, ya rasu a Masina. Umaru ya ci gaba. Ya ratsa ƙasar Hausa, ya yi 'yan watanni a Sakkwato, ya keta hamada ta Fezzan zuwa Masar, ya isa Makka a 1828.

To, a can ne ya sami abin da ya juya rayuwarsa. Ya tarar da Sidi Muhammadul Gali, ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna da Shehu Tijjani ido da ido. Umaru ya miƙa masa kansa da ɗan abin hannunsa, ya bi shi Madina, ya yi masa hidima kusan shekara 3 kamar bara, ga shi kuwa malami ne wanda ya isa ya ba da karatu ko'ina. Daga ƙarshe Muhammadul Gali ya naɗa shi halifan ɗarika a ƙasashen baƙar fata na yamma. Akwai bambanci tsakanin muƙaddami da halifa. Muƙaddami izninsa ya ba da wuridi ga mai so. Halifa kuwa yana naɗa muƙaddamai, yana tsaye ne a madadin Shehu.

Ya kamata mu dakata nan mu duba ko mene ne wannan kaya da ya ɗauko, gama wanda bai san shi ba ba zai gane sauran labarin ba.

Wuridin kashi 3 ne. Na farko lazimi, wanda mutum ke yi shi kaɗai safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Na biyu wazifa, wadda a ke yi cikin jama'a ko da sau ɗaya a yini: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Na uku zikirin Juma'a, hailala bayan la'asar har faɗuwar rana. A kan yi su da alwala, a wuri mai tsabta, ba a magana a tsakani sai da larura. Ita Jauhara ma ba a karanta ta da taimama, wanda bai sami ruwa ba sai ya maye gurbinta da Salatul Fatihi 20. Masu sha'awar lissafi cikinku su gwada haɗawa: lazimi biyu 600, wazifa 192, jimla 792 a yini, ban da na Juma'a. A kwana 365 ya zama 289,080. Wane ne zai riƙe wannan ƙirga da ka?

Nan carbi ya shigo. Carbin da yawancin mutane suka saba da shi 'ya'yansa 99 ne, an raba su 33 sau uku saboda tasbihin bayan salla. Na Batijjane kuwa 100 ne cif, kuma in ka karɓa ka duba za ka ga alamomin da ke tsakani ba a daidai su ke ba. An jera shi 12, 18, 20, 20, 18, 12. Wanda bai sani ba sai ya ce mai shiryawa ne ya yi kuskure. A'a, hikima ce. Alama ta farko ta tsayad da kai a 12, adadin Jauhara. Ta biyu, 12 da 18, ta ba ka 30 na istigfari. Ta uku ta kai ka 50 na salati. In ka zagaye duka ka cika 100 na hailala. Da ya ke jerin iri ɗaya ne ta dama da ta hagu, ko ta wane gefe ka soma daidai ne. Saboda haka makaho yana iyawa, wanda bai taɓa zama ajin lissafi ba yana iyawa, mai tafiya cikin duhu bisa raƙumi ma yana iyawa.

Amfaninsa na fari ke nan: yatsa ya ɗauke wa zuciya wahalar ƙidaya, ita kuwa ta koma ga ma'anar abin da harshe ke faɗi. Wanda ya taɓa gwada yin istigfari 100 ba carbi ya san yadda a ke yi, kafin ya kai 40 ya fara shakka ko 30 ne, daga nan hankalinsa ya bar istigfarin ya koma kan lissafi. Bayan wannan, carbi na yi wa mutum iyaka. Rago ba shi da damar ragewa, mai zafin nama kuma ba zai yi dubu yau gobe ya gaji ya bari ba. Ni a ganina wannan ya fi kome muhimmanci, kuma malamin makaranta ya fi kowa sanin haka, don ya ga bambancin yaron da ke bitar karatunsa kaɗan kaɗan kullum da wanda ke jira sai daren jarrabawa. Sa'an nan ga natsuwa. Mutum ya wuni cikin hayaniyar kasuwa ko ta fada, ya zo ya zauna wuri ɗaya, baki na maimaita kalma ɗaya, hannu na motsi iri ɗaya, dole numfashi ya lafa.

Ba Musulmi kaɗai suka gano wannan ba. Mabiya addinin Hindu da na Buddha suna da nasu carbin mai 'ya'ya 108, Kiristoci 'yan Katolika su ma suna da nasu wanda a ke ja goma goma. A 2001 wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka auna masu jan carbin Katolika da masu maimaita kalmomin addu'a irin na Indiya, suka tarar numfashinsu ya kan sauko zuwa kamar sau 6 a minti, bugun zuciya kuma ya daidaita da shi. Amma fa Alhaji Umaru ba don lafiyar jiki ya ke jan nasa ba, kuma da wani ya ce masa don haka ne da bai ji daɗi ba. A wurinsa zikiri wankin zuciya ne da neman kusanci ga Ubangiji, sauran duk ribar ƙafa ce.

Malamai kuwa sun daɗe suna ja-in-ja a kan carbi. Waɗansu sun ce ƙirga da gaɓoɓin yatsu ita ce aka gani wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don haka ita ta fi. Waɗansu suka kawo labarin Nana Safiyya da ke ƙirga da ƙwallayen dabino, da Abu Huraira mai zare da ƙulle-ƙulle, har Imamu Suyuɗi na Masar ya rubuta ɗan littafi musamman don kare carbi. Gardamar ba ta mutu ba har yau, ana yinta a Maiduguri kamar yadda a ke yi a Kano.

Mu koma ga matafiyinmu. Wajen 1830 ya baro Hijaz, ya biyo ta Masar da Fezzan, ya nufo Barno. Ƙasar da ya nufa ba ta cikin kwanciyar hankali. Tun 1808 da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, Mai ya nemi taimakon Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi, watau Shehu Laminu, aka kore su, gaba ta ƙullu tsakanin Barno da Sakkwato. Shehu Laminu da Muhammadu Bello sun yi ta musayar takardu, Laminu na tambaya da wace hujja a ke yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Bello na amsawa cewa sun taimaki maƙiyan jama'a. Takardun nan suna nan cikin littafin Bello, Infaƙul Maisuri. Da alƙalami ya kasa sai aka koma ga mashi. A 1826 zuwa 1827 Laminu ya ɗauki runduna ya nufi yamma har ya tsorata Kano, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi.

Wannan al'amari ya dami Umaru ƙwarai. Tun yana cikin hamada, ga ƙishi ga gajiya, ya tsara wata doguwar waƙa da Larabci mai suna Tazkiratul Gafilina, a kan munin saɓani tsakanin muminai. Ya gina baitocinta bisa haruffan ayar nan ta Suratul Hujurati wadda ta yi umurni da a sulhunta ɓangarori biyu na muminai in sun yi faɗa. Bai bar kowa ba. Ya zargi shugabannin biyu, ya kuma zargi malaman fada da suka yi shiru suna kallo ana zub da jinin Musulmi, ana kama 'ya'ya ana sayarwa, hanyar alhazai da ta fatake ta toshe. Ku riƙe wannan waƙa a ranku, za mu sake bukatarta.

Shehu Laminu ya karɓe shi da girma, har Umaru ya auri wata 'yar Barno, wadda ta haifa masa ɗansa Makki. Amma zaman bai yi daɗi har ƙarshe ba. Laminu shi ma malami ne, shi ma ya je Makka, ga shi ya kafa Kukawa tun 1814 yana riƙe da ƙasa alhali Mai Ibrahim na nan da sunan sarauta. Mutumin da ke tafiya bisa irin wannan siraɗi ba zai so wani baƙo mai kwarjini ya zauna kusa da shi yana tara almajirai ba, balle baƙon da ya riga ya yi masa faɗa a waƙa. Ga kuma sharuɗɗan wuridin kansa. Wanda ya karɓa ba zai haɗa shi da na wata ɗarika ba, ba zai ziyarci waɗansu waliyyai don neman albarka ba, ba zai bari ba har mutuwa. Ashe carbin nan mai 'ya'ya 100 ba ƙirga kaɗai ya ke yi ba, yana ɗaure mutum ga shehi ɗaya, kuma kowane mai mulki ya san abin da wannan ke nufi. Tsakaninsu ya yi tsami, Umaru ya tattara ya nufi Sakkwato.

A can ya sami abin da bai samu a Barno ba. Sarkin Musulmi Bello ya jawo shi jiki, ya ba shi 'yarsa Maryamu, wadda ta haifi Habibu. A Sakkwato kuma aka haifi babban ɗansa Ahmadu a 1836, shekarar da Umaru ya bi Bello yaƙin Gawakuke, inda aka karya Gobirawa da Abzinawa. Ya yi wajen shekara 7 yana koyarwa, yana rubutu, yana ba da wuridi a tsakiyar daular da aka gina bisa Ƙadiriyya. Tijjanawa sun ce Bello kansa ya karɓa, mutanen Sakkwato kuwa sun ce Baƙadire ya rayu, Baƙadire ya rasu, kuma kowane ɓangare na riƙe da maganarsa har gobe. Abin da ba gardama shi ne waɗansu manyan malamai sun karɓa, kamar Modibbo Raji na Gwandu, wanda ya daɗe yana ɓoye nasa kafin ya ƙaura zuwa Adamawa. Wani abu kuma da Umaru ya koya a Sakkwato, wanda ba ya cikin lazimi ko wazifa, shi ne yadda malami ke tara jama'a, ya yi hijira, ya ɗaga tuta, ya kafa daula.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, shekarar da Shehu Laminu ma ya rasu. Atiku ya hau. Umaru ya kama hanyar yamma a 1838 da iyali da almajirai, cikinsu har da Hausawa da Barebari. Ya bi ta Masina, ya bi ta Segu inda sarkin Bambara ya tsare shi na ɗan lokaci, ya sauka Jegunko a Futa Jalo wajen 1840. A nan ya gama babban littafinsa, Rimahu, a 1845. Littafi ne mai babi 55 a kan shehi da almajiri, da sharuɗɗan wuridi, da ladubban zikiri da halwa. In ka sayi Jawahirul Ma'ani bugun Masar wurin masu littattafai, duba gefen shafi, sau da yawa Rimahu ne aka buga a wurin. Da a nan Umaru ya tsaya, da tarihinsa na malami ne kurum.

Bai tsaya ba. Ya koma Dingirai, ya gina ganuwa, ya sayi bindigogi da albarushi daga 'yan kasuwar bakin teku. A 1852 ya fara jihadi da sarkin Tamba. A 1855 ya ci ƙasar Karta, ya shiga Nyoro. Rundunarsa almajirai ne, su kan yi sahu su yi wazifa a sansani, gari ya waye su ɗauki bindiga. A 1857 ya kewaye wani ƙaramin sansanin Faransawa da a ke kira Madina a bakin kogin Sanagal, ya yi wata 3 bai ci shi ba, har ruwa ya cika kogi Gwamna Faidherbe ya iso da jirgi ya kore shi. Daga nan ya gane yamma ta rufe. Ya koma Futa Toro ya kira mutane su yi hijira su bar ƙasar da Nasara ke shirin mallaka, dubbai suka bi shi gabas. A watan Maris 1861 ya shiga Segu.

To, ga inda labarin ya yi nauyi. Sarkin Segu, Ali, ya gudu Masina ya fake wurin Ahmadu ɗan Ahmadu, jikan Shehu Ahmadu Lobbo. Masina kuwa daular Musulunci ce, Fulani ne, Ƙadirawa ne, babban birninsu ma sunansa Hamdallahi. Suka ce Ali ya musulunta a hannunsu, saboda haka ba halin a taɓa shi. Umaru ya fito da gumakan da ya samu a fadar Segu ya nuna wa jama'a, ya rubuta littafi yana kafa hujja cewa wanda ya haɗa rundunarsa da ta masu bautar gumaka don yaƙar Musulmi hukuncinsu ɗaya. Wanda ya karanta takardun Bello da Laminu zai ji kamar ya taɓa jin wannan magana. Ita ce fa hujjar da Sakkwato ta kafa wa Barno, a cikin rikicin da Umaru ya yi wa waƙar zargi shekara 30 kafin nan. Hausawa sun ce laifi tudu ne. Masu kare shi suna cewa Masina ce ta fara turo runduna, kuma gaskiya ne ta turo. Duk da haka ni dai ban ga yadda za a karanta Tazkiratul Gafilina a karanta labarin 1862 ba tare da jiki ya yi sanyi ba. A shekarar nan aka gwabza, Musulmi da Musulmi, kowane sahu da carbi a wuya, aka kashe dubbai, Hamdallahi ta faɗi, aka kama Ahmadu ɗan Ahmadu aka kashe.

Nasarar ba ta yi ƙarko ba. A 1863 mutanen Masina suka yi tawaye, Shehu Ahmadul Bakka'i na Kuntawan Tambutu, babban jagoran Ƙadiriyya wanda ya daɗe yana sukar Tijjaniyya a takardunsa, ya ba su hannu. Aka kewaye Umaru cikin Hamdallahi wata da watanni har yunwa ta ci ƙarfinsu. Ya aiki ɗan ɗan'uwansa, Tijjani, ya nemo gudummawa, sa'an nan shi da 'yan mutane kaɗan suka fasa suka fita, suka hau duwatsun Degembere kusa da Banjagara. A watan Fabrairu 1864 abokan gaba suka cim musu, albarushi ya kama wuta a cikin kogon da su ke. Ba a ga gawarsa ba, shi ya sa har yanzu waɗansu mabiyansa ba su cewa ya mutu, sai su ce ya ɓace. Tijjani ya iso a makare, ya murƙushe tawayen, ya zauna Banjagara.

Ahmadu ya gaji uban a Segu, ya yi ta fama da 'yan'uwansa, cikinsu har da Habibu jikan Bello. Faransawa suka ci Segu a 1890, suka kwashe littattafan gidan zuwa Faris, inda su ke har yanzu. Suka ci Nyoro a 1891, Banjagara a 1893, shekarar da Rabe ya rushe Kukawa. Ahmadu ya yiwo gabas da sauran jama'arsa zuwa ƙasar da aka haife shi, ya rasu kusa da Sakkwato a 1897. Da Ingilishi suka zo, da yawa cikin mutanensa suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a 1903. Waɗanda suka tsira, waɗansu suka zauna ƙasar Haɗeja, waɗansu suka wuce Sudan da Hijaz. Cikinsu akwai Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru, wanda ya zauna Madina, alhazan Kano da na Barno suna sauka wurinsa suna sabunta izninsu na wuridi har ya rasu a 1931.